Zariya Na Reno, Abuja Na Ɗauka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin Zariya, inda na kwana shida cikin hutuna, musamman game da aikin masu ilmi da gwanayen sana'a.

Daga Kaduna tafiyar kamar mil hamsin ce. Baƙo ya kan zaci Zariya gari guda ne, alhali kuwa akwai birni mai ganuwa, da Tudun Wada, da Sabon Gari wanda jirgin ƙasa ya raya, sa'an nan Samaru can bisa hanyar Funtuwa. A Kongo na fara tsayawa, gama mu akawuna muna da gādo a wurin. Makarantar horon akawuna aka fara kafawa a nan, yau kuwa lauyoyi da ma'aikatan mulki ta ke yayewa.

Amma abin mamaki yana Samaru. Tun 1922 aka kafa gonar gwaji a wurin, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai aka haɗa ta da ita. Malaman gona su kan shekara da shekaru suna auren wannan iri da wancan, har su sami mai jure fari ko cuta. Duk manomin da ya sayi masarar da a ke kira SAMMAZ, ko dawar SAMSORG, ko gyaɗar SAMNUT, to, ya sani wannan "SAM" ɗin Samaru ce. Wanda ya ji labarin yadda kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a 1975 ba zai ce aikin nan wasa ne ba. Gaba kaɗan ga Shika, inda a ke binciken kiwon dabbobi, ga kuma babban asibitin koyarwa. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama kuwa tun 1964 ta ke, kullum ƙananan jirage na shawagi bisa kan mutane, ba mai ko ɗaga kai.

To, jama'a, ga abin da ya tsaya mini a rai. Kusan dukan wuraren nan na gwamnati ne, gurbin aiki kuwa ba ya samuwa sai wani ya yi ritaya ko ya ƙaura. Kowace shekara ana yaye injiniyoyi da safiyoyi da masu zanen gini, amma garin ba shi da inda zai sa su. Dā Kaduna ce ke karɓarsu. Akwai masaƙar da aka buɗe a 1957, da ma'aikatar haɗa motar Peugeot ta 1975, da matatar mai ta 1980. Masaƙar nan ta rufe a 2002, 'yan'uwanta na Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, masu gyaran injuna suka watse.

Tun da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991 sai ruwa ya sake magudana. Mai zanen gini da akanta da lauya kwangila su ke bi, kwangila kuwa tana inda ma'aikatu su ke. Saboda haka yaro ya gama karatu a Samaru, uban da ya sayar da bijimi don biya masa ya raka shi tasha, ba a sake ganinsa sai da salla. Likitoci ma wasu ba su tsayawa Abuja, sai Ingila ko Makka. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi.

Ban ce babu waɗanda suka zauna ba. A Sabon Gari na ga samari masu digiri sun buɗe ɗakunan gwajin jini, wasu suna kafa wa mutane fitilar hasken rana, wasu kuma suna aiki da kamfanonin iri, suna zagaya ƙauyuka a kan babur suna duba gonakin da aka ba manoma su noma. Waɗannan na ƙarshe su suka fi burge ni, ko da ya ke albashinsu bai kai na abokansu na Abuja ba, kuma yawancinsu da zarar an kai amfani gida sai a sallame su, sai wata damina.

Ina so masu karatu na Jos da Sakkwato da Maiduguri su rubuto, mu ji ko haka abin ya ke a wurarensu.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.