Ranar Da Kunu Ya Ƙona Ƙanena

Wata rana cikin azumin shekarar 2023, ana dab da shan ruwa, Inna ta ce in sauke kunun tsamiya in kai ɗaki. Maimakon haka sai na ajiye tukunyar a tsakar gida, na tafi ɗauko ludayi. Kafin in dawo, ƙanena Sani, ɗan shekara 5, ya sheƙo da gudu ya yi tuntuɓe da ita. Kunun ya kwararo masa a hannu da ƙirji.

Nan da nan gida ya cika da maƙwabta. Wannan ta ce a fasa ƙwai a shafa, waccan ta ce man goge baki, wani ya ce baƙin mai. Baba ya hana. Ya kira lambar gaggawa, wato 112, ya sa Inna ta riƙa kwara wa wurin ruwan randa. Ni kuwa ina raɓe a jikin bango, jikina yana rawa, don na san laifina ne.

Da motar asibiti ta iso, Sani ya ga fararen kaya, sai ya ƙanƙame Inna yana ihu, "Kada a yi mini allura!" Malamar jinyar ba ta fizge shi ba. Ta gai da Baba, ta roƙi jama'a su koma zaure, sa'an nan ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da tasa. Ta faɗa masa sunanta, ta tambayi nasa. Ta ce, "Sani, ba zan taɓa ka ba sai na gaya maka abin da zan yi. In zai yi zafi ma, ba zan ɓoye maka ba."

Ta ba shi abin nan da ake sauraren ƙirji da shi, ya fara jin bugun zuciyar Inna, kana ya yarda a ji nasa. Da za ta auna girman ƙunar, sai ta ce ya ara mata tafin hannunsa. Ta bayyana wa Baba cewa tafin hannun mutum da yatsunsa kimanin kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Ta ce fatar yaro ta fi ta babba taushi, shi ya sa ƙuna ta fi yi masa illa. Ta yaba da ruwan da aka zuba, ta ce minti 20 ake so, amma ban da ƙanƙara. Kafin ta ba shi maganin zafi sai da ta tambayi shekarunsa ta ƙiyasta nauyinsa, domin ba a auna wa yaro magani da awon manya.

Can sai Sani ya yi mata raɗa, "Za a doke ni?" Ashe duk kukan nan har da tsoron bulala. Ta ce babu mai dukansa, Baba ma ya tabbatar masa. Da ta hango ni ina hawaye, ta kira ni ta ce, "Yayarsa, zo ki riƙe masa ɗaya hannun." A cikin mota ta bar shi a cinyar Inna, ta lulluɓe shi don kada sanyi ya kama shi.

Sani ya warke, saura ɗan tabo a damtse. Ni kuma tun daga ranar ban sake ajiye abu mai zafi a ƙasa ba.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, yaro ma yana da tsoro da tambaya, kuma yana gane gaskiya in an faɗa masa a hankali. Wannan baiwar Allah ta nuna mini haka, har na ƙudura in Allah Ya yarda aikin jinya zan karanta. Allah Ya saka mata da alheri, amin.