Minti Goma a Kan Tabarma

A shekarata ta ƙarshe a wata jami'a a Kano, inda na karanta kimiyyar kwamfuta, na shiga ɗakin jarrabawa, aka raba takarda, sai na kasa karanta tambaya ta farko. Ina ganin haruffa, amma ma'ana ta ƙi shiga kaina. Zuciyata na dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf har biro na suɓucewa. Kwana uku ke nan ina kwanan aji, ba abin da ke cikina sai shayi da goro. Da ƙyar na tsallake. Da na koma gida Roni hutu, kai ka ce daga jinya na tashi.

Babana ne ya fara lura. Manomi ne, bai taɓa jin kalmar yoga ba. Amma in ya idar da sallar asuba ba ya tashi daga buzunsa sai rana ta fito, yana zaune shiru da carbinsa. Wata safiya na zabura zan ɗauko littafi, sai ya riƙe mini gefen riga.

"Zauna," in ji shi. "Littafin ba gudu zai yi ba. Ko jaki in an sauke masa kaya, ana barinsa ya yi birgima."

Na zauna. Minti biyu suka zame mini kamar wuni guda. Tunani ya yi ta kai-komo: aikin kammala digiri da ban gama ba, da buhunan geron da aka sayar aka biya mini kuɗin makaranta, da abin da zan faɗa wa mutanen gida in na faɗi. Haka na daure kullum. Cikin mako biyu barcina ya dawo.

Sai da na fara aikin rubuta manhaja na gano cewa masana sun daɗe suna nazarin irin wannan zama. A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya fara koyar da marasa lafiya zaman natsuwa da motsa jiki irin na yoga a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. A ƙarshen 2017 kuma aka wallafa wani bincike da aka yi da ɗalibai 616 na Jami'ar Cambridge a Ingila. Rabinsu sun koyi zaman natsuwa, kuma da lokacin jarrabawa ya zo, damuwarsu ba ta kai ta sauran ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Fargaba na sa jiki ya yi shirin gudu: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce. In mutum ya ja numfashi a hankali, ya fitar da shi a hankali fiye da yadda ya ja, bugun zuciya kan sassauta. Kamar waya ce da aka buɗe mata manhajoji ashirin ta yi zafi. Ba jefar da ita ake yi ba, rufe su ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Na san da yawa a cikinmu na ɗari-ɗari da yoga, domin asalinta Indiya ne, kuma tana da alaƙa da addinan can. Ni ban ɗauki wannan ɓangaren ba. Abin da na ɗauka shi ne miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi. Zaman shiru kuwa a gida na same shi.

Kwanakin baya autarmu, wadda ke karatu a Kazaure, ta kira ni wajen sha biyun dare tana kuka. Jarrabawa saura kwana huɗu, ta karanta, ta manta. Na ce ta kife wayar bayan mun gama, ta zauna a tabarma, ta miƙe baya, ta saki kafaɗu. Ta ja numfashi tana ƙirga huɗu, ta fitar tana ƙirga shida, har minti goma, sannan ta kwanta.

"Yaya, ina maka maganar jarrabawa, kana ce mini in yi numfashi?"

Na yi dariya, don ni ma haka na ji ranar da Baba ya riƙe mini riga. Na gaya mata gaskiya: numfashi ba ya karanta wa mutum littafi, ba ya biyan kuɗin makaranta. In kuma damuwa ta kai makonni tana hana ci da barci, sai a ga likita, babu abin kunya a ciki. Amma tulun da ake girgizawa ba ya cika.

Washegari da hantsi saƙonta ya shigo: "Yaya, na yi barci."

Ba ta ce komai a kan jarrabawar ba. Ni ma ban tambaya ba.