Ranar Da Na Bar Iya A Gindin Uhudu

Labarin da zan ba ku har yau idan na tuna shi sai na ji kunya ta rufe ni, amma na ga gara in faɗa ko wata za ta amfana.

A shekarar 2023, bayan na gama sakandare, Abba ya biya wa kakarmu Iya kuɗin Umara, ya ce ni zan raka ta, saboda idonta ya yi rauni, ga ciwon gwiwa. A filin jirgi na Kano ya ja ni gefe ya ce, "Kin ga, ba yawon buɗe ido na tura ki ba. Duk rintsi kada ki saki hannun Iya." Na ce, "Haba Abba, in sha Allahu." Amma a raina lissafin hotuna da tsaraba kawai nake yi.

Kwana uku da saukarmu Madina aka kwashe mu a bas zuwa ziyara. Muka fara da Masallacin Ƙuba, masallacin farko da aka gina a Musulunci, a shekarar 622 da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira. Malamin da ke yi mana jagora ya ce wanda ya yi alwala a masaukinsa ya zo ya yi salla a nan yana da lada kamar na Umara. Daga nan sai Ƙiblataini, masallacin da ake tunawa da juya alƙibla daga Baitil Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan hijira. Iya sai kuka take tana salati, ni kuwa ina ta gyara mayafi a gaban waya.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa Uhudu, dutse ne dogo ja-ja a arewacin gari. Aka ce minti 30 za mu yi. Na zaunar da Iya a 'yar inuwa, sai idona ya faɗa kan rumfunan masu dabino da carbi da turare. Na ce, "Iya, ki jira ni, yanzun nan zan dawo." Ta ce, "To 'yar nan, kada ki daɗe."

Wallahi ban san lokaci ya tafi ba. Na sayi ajwa, na taya zobe, sannan na bi ayari na hau wani ɗan tudu da ke fuskantar Uhudu don in ɗauki hoto. A can na tarar da malaminmu yana bayani. Ya ce wannan shi ne tudun maharba. A shekara ta 3 bayan hijira, Musulmi wajen 700 suka fuskanci Ƙuraishawa wajen 3000. Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a nan ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su bar wurin ko an yi nasara ko ba a yi ba. Da suka ga abokan gaba sun juya, mafi yawansu suka sauka ɗibar ganima. Khalidu ɗan Walidu, wanda lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, baffan Annabi, shi kansa Manzon Allah aka ji masa rauni.

Na dubi ledar da ke hannuna, gabana ya yanke ya faɗi. Ni ma fa an ajiye ni a wani wuri, an ce kada in matsa.

Na sauko a guje. Inuwar tana nan, Iya babu ita. Innalillahi! Na leƙa bas, ba ta ciki. Na shiga tsakanin Turkawa da 'yan Indunusiya ina kiran "Iya! Iya!" kamar zautacciya. Ba ta jin Larabci, ba ta da waya, katin otal ɗinmu ma yana cikin jakata. Me zan ce wa Abba?

Can na hango zanenta kusa da shingen maƙabartar shahidai. Tana zaune a ƙasa, wata dattijuwa na ba ta ruwa. Ashe Bahaushiya ce haifaffiyar Madina, kakanninta suka zo aikin Hajji a ƙasa suka zauna. Ta dube ni ta ce, "Ke ce jikar? Rana ta cinye inuwar, ta taso tana lalube har ta faɗi. Yarinya, ba a yi wa tsoho haka."

Na durƙusa ina kuka na riƙe ƙafar Iya. Gwiwarta ta ɗan kurje. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Tashi ki kama ni, mu yi wa Sayyidina Hamza sallama. Shekara 40 ina roƙon Allah Ya kawo ni nan."

Na kama ta muka tsaya a bakin shingen. Babu ƙubba, babu ado, ƙasa ce kawai da 'yan duwatsu. A hanyar komawa malamin ya faɗa mana cewa Allah Ya yafe wa maharban nan, kuma a ranar Nana Faɗima ce ta wanke raunin mahaifinta, ta ƙona guntun tabarma ta sa tokar har jinin ya tsaya. Da muka isa masauki na ɗebo ruwan ɗumi na gasa wa Iya gwiwa.

Daga ranar har muka dawo Kano hannuna bai bar nata ba, ko a Raula, ko a ɗawafi. Da kaina na faɗa wa Abba abin da ya faru. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tunda ita ta yafe, ni ma na yafe."

Iya ta rasu bayan shekara guda. Ƙannena, in an damƙa muku amanar tsoho ko ƙaramin yaro, ko nan da bakin kasuwa ne, ku riƙe. Allah Ya jiƙan Iya, Ya kai mu Madina baki ɗaya, amin.