Daga Ƙofar Ruwa zuwa Ace Cafe

Ranar da na sayi tsohuwar Mazda MX-5 ƙirar 2006, mai kujera biyu, ban yi barci ba don murna. Ba a yi mako ba birki ya fara ƙara, ga shi saura wata guda a yi mata MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Da a Kano ne, sai in gangara Ƙofar Ruwa in sayo kaya, makanike ya ɗaura mini kafin la'asar. A Landan kuwa, kuɗin aikin awa biyu sai ya cinye cefanen mako.

Maƙwabcina ya tura ni Ace Cafe da ke gefen titin North Circular, mashayar da aka fara buɗewa a 1938, inda masu babura da motoci ke taruwa. Can wani dattijon Bature ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya ce, "Yaro, birki ƙaramin abu ne. Tsatsa za ka ji wa tsoro, gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin sanyi shi ke cin ƙarfe." Ya shawarce ni in nemi littafin gyara na Haynes, wanda sai an kwance mota an sake haɗa ta ake rubuta shi, da hotuna daki-daki.

Na saya. Ran Asabar na canza takalmin birkin da hannuna, littafin a buɗe kan tayar. Motar ta tsallake MOT. Matambayi ba ya ɓata, ko a Ingila.