Gwalalon Bayan Gona

Warin taɓon Ingila daban yake da namu, sanyi gare shi, ga ruɓaɓɓen ganye a ciki. A Suffolk na san shi, lokacin da aka tura ni wata gona koyon aikin noma, gemu ko tsirowa bai yi ba. Bayan rumbuna akwai wani fili mai kusurwa huɗu da ruwa ya kewaye, gansakuka ta lulluɓe ruwan. Babu gini a kai, sai itatuwa da wani ganye mai ƙaiƙayi da ke yi wa baƙo maraba a ƙwauri. In an tashi aiki can nake zuwa, in zauna ina sauraron agwagi suna gardama.

Mai gonar, wani dattijo da lofe ba ya barin bakinsa, shi ya ce mini kufai ne, gidan wani mai hali ya taɓa zama a wurin. Ni da na tashi ina ganin ganuwar Kano, sai na tambaye shi wane maƙiyi wannan ɗan gwalalo zai tare. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Yaro, don maƙwabta aka haƙa, su san ya isa.” Masana ma kusan haka suke cewa. Irin waɗannan kufai sun kai wajen 6,000 a Ingila, an fi haƙa su tsakanin 1250 da 1350, musamman a ƙasar laka mai riƙe ruwa.

Gaba kaɗan akwai ramuka biyu da suka kusa cikewa, tafkunan kifi ne a da. Kiristocin wancan zamani ba sa cin nama ran Juma'a, haka ma a azuminsu na kwana 40. Ɗanyen kifin tafki kuwa cimar manya ce, talaka sai busasshe ko mai gishiri. Na sha tsayawa a bakinsu da yamma, cikina na kukan tuwo, ina tunanin miyar da za a yi da kifin da ya ƙare tun ƙarnuka.

Tun muna can maƙwabcinmu ya cike nasa gwalalon don ya ƙara alkama. Ban ga laifinsa ba, manomi ne, amma agwagin wajen sun watse. Da yawa cikin irin waɗannan kufai da suka tsira, wata dokar 1979 ce ke kare su yanzu. Wasu da gidajensu ke tsaye, irin Baddesley Clinton da ya koma hannun ƙungiyar National Trust a 1980, sai da tikiti ake shiga.

Jikata ta ce za ta nemo mini gonar a taswirar waya. Na faɗi sunan ƙauyen yadda bakina ya saba, wayar ta ce ita ba ta san wannan gari ba.