Mutumin da Ba Ka Iya Toshewa

Gabanin zaɓen gwamnan Bauchi na 18 ga Maris, 2023, wanda Ƙauran Bauchi Bala Mohammed na PDP ya kara da Sadique Baba Abubakar na APC, na ga abota da yawa ta mutu a Facebook. Mutanen da suka yi karatu tare a jami'ar ATBU, suka ci masa a kwano ɗaya a Yelwa, sai ga shi wannan ya toshe wancan a kan sharhi guda. Sojojin baka dai sana'arsu suke yi, ana zuba musu data. Abin takaici mu ne 'yan kallo, da muka ari rigimar muka yafa.

A majalisarmu ta bayan Isha'i a Unguwar Jahun, gardamar nan ce dai ake tafkawa, wani lokaci har ta fi ta waya zafi. Amma ba wanda ya ɗauke ƙafa. Wanda ka ƙaryata da daddare, da shi za ka haɗa kafaɗa a sahun Asuba. Matarsa ce ta kwana da mahaifiyarka a asibiti. Kafin ka furta magana, duk wannan yana kan harshenka, dole ka auna. In kuwa ka zarce, wani dattijo ya ɗago kai ya ce, "Kai, yaro, yayanka ne fa," ka haɗiye sauran ko ba ka so. A kan wannan tabarma na koyi barin mutum ya kai aya kafin in amsa, na kuma koyi cewa mai ra'ayin da na tsana yana iya fi na kirki. Shekarun da na yi ina rubutu a intanet ba su koya mini ko ɗaya ba, domin can duk wanda ya ɓata mini rai da yatsa ɗaya nake sallamarsa.

Duk da haka, waya tana da ranarta. Sanarwar jana'iza kan zaga dangi a WhatsApp kafin a gama wankan gawa, har wanda ke Jidda ya ji. Ƙanwata tana sayar da turaren wuta daga ɗakinta, ba ta biyan hayar shago a Kasuwar Wunti.

Ƙannenmu ne ke damuna. Suna zuwa majalisar, su gaida kowa da ladabi, su koma gefe, kai a sunkuye kan TikTok har a tashi. Dattawa na yabon shirunsu. Ni kuwa ina ganin abin da suke rubutawa, kuma a inda suke rubuta shi babu yayan da zai ce musu kul.