Wa Zai Tsaya Masa? Zancen Makwanci A Zango

A zango ba ka jin mutum ya buɗe baki ya ce ba shi da wurin kwana. Sai dai ya ce maka "ina nan wajen 'yan'uwa," ko "ana dai lallaɓawa." Kai ne za ka lura. Shi ne na farko a masallaci da asuba, shi ne na ƙarshen fita bayan lisha, kuma ba don ya fi kowa ibada ba. Jakarsa na ƙarƙashin teburin mai shayi. Wanka sai a gidan wanka na kuɗi. In ka ce bari ka taka masa zuwa gida, nan take zai tuna da wani saƙo da bai kai ba.

Shekara talatin ke nan da 'yan kai ina kawo albasa daga ƙasar Galmi zuwa Ankara ta Gana. Lokacin da na fara, baƙon ɗan kasuwa ba ya tunanin inda zai sa haƙarƙarinsa. Mota na tsayawa za a nuna maka gidan maigidan mutanen garinku. Ka shimfiɗa tabarma a zaure, tuwo ya fito daga cikin gida, ba wanda zai ce ka biya ko sisi. Shi zai ajiye maka kuɗi, shi zai haɗa ka da dillali, in mai saye ya ɗauki kaya bashi shi ne lamuni. A ƙarshe ya ɗauki la'adarsa. Masu cewa mutanen da sun fi mu tausayi, ni ban cika yarda ba. Tausayi akwai, amma abin da ya riƙe zauren nan a buɗe shi ne kowa na samu. Haka aka yi ta yi a Sabon Zangon da Malam Bako ya kafa fiye da shekara 100, haka a zangon Kumashi, haka a Sabo ta Ibadan.

Wayar hannu ta ci wannan sana'a. Yau mai saye zai kira ka tun kana Paga, kuɗi su shigo ta waya, ina la'adar maigida? Tsofaffin sun rasu, magada sun raba gidaje, zaure ya koma shago ko an toshe ƙofa ɗaya an sa ɗan haya. Ban ga laifinsu ba, su ma 'ya'ya gare su.

To sai haya. Wanda bai zauna Gana ba zai ɗauka wasa ne in an ce masa ɗaki ɗaya, banɗaki na tarayya, sai ka ajiye kuɗin shekara biyu kafin a miƙo maka mabuɗi. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata 6, kowa ya san da ita, amma je ka karanta wa mai gida doka alhali mutum biyar na tsaye bayanka da kuɗi a hannu. A farkon 2023 gwamnati ta fito da wani shiri: ta biya wa mutum kuɗin gaban, shi kuma ya riƙa maido mata wata-wata. Shiri ne mai kyau, sai dai na ɗan ƙasa ne mai katin Gana, wanda zai iya nuna shaidar abin da yake samu. Ɗan dakon da ya zo daga Madawa da buhun kayansa a ka bai shiga wannan lissafi ba.

Shi ya sa kasuwa ta zama gida. Yara da yawa kan buhunan albasa suke kwana a Agbogbuloshi, suna gadi suna barci, mu kuma muna kawar da kai don ya yi mana daidai. A watan Yunin 2015, bayan ambaliya da gobarar nan ta ranar 3 ga wata, aka rushe wani sashe na Old Fadama, dubban mutane suka wayi gari a fili cikin damina. A Yulin 2021 kuma aka tashi kasuwar albasa aka mai da mu Ajen Kotoku, can hanyar Nsawam. Masu jari mun sami rumfa. Waɗanda rumfar ce ɗakinsu, su ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

A cikinsu akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana sauke mana kaya, mai mata da 'ya'ya uku. Matar ta raɓa wurin wata ƙawarta a Nima da ƙaramin a goye, manyan biyu aka kai su gidan malaminsu na allo, shi kuma yana baranda. Wata biyu suna haka bai gaya wa kowa ba. Uwargidana ce ta jiyo wajen suna, ta dawo ta ce, "Malam, ku maza kuna tare da mutum kullum ba ku san halin da yake ciki ba?" Mata sun fi mu sanin wanda ba shi da gida, domin su suke ganin wadda ke wanki a gidan da ba nata ba.

Da muka zauna, sai muka ga kuɗi rabin magana ne. Mun haɗa na wata shida a yini ɗaya, mu goma sha biyu. Amma gida uku aka mai da shi, ana tambaya ɗaya: wa ya san ka? Sai da limaminmu ya sa rigarsa ya je da ƙafarsa, ya ce wa wata Hajiya mai gida, "Hajiya, yaron nan nawa ne, in ya gaza ni za ki nema." Ta karɓi wata shida, sauran a biya a hankali. Abin da maigidan da yake ba baƙo ke nan, sunansa. Tabarma kowa na da ita.

Tun daga nan muke zuba wani abu duk motar da aka sauke, mun ce masa kuɗin ɗaki. Rance ne, ana biya kaɗan-kaɗan ranar Juma'a, sai gwauruwa mai marayu da tsoho, su ba a bin su. Akwai waɗanda suka ci suka gudu, mutum biyu, ɗaya ma ɗan garinmu. Wasu suka ce a rufe asusun. Ba a rufe ba, sai dai yanzu ba a ba mutum a hannu, mai gidan ake kai wa, a karɓo rasit da sunan ɗan hayar.

Zancen rasit ɗin nan kada ku raina shi. Mu Hausawa muna jin nauyin neman takarda wurin dattijo, kamar mun ce ba mu yarda da shi ba. Ranar da dattijon ya kwanta dama, ɗansa ya zo ya ce ka kwashe kayanka kafin ƙarshen wata, ofishin kula da haya zai saurare ka ko kai baƙo ne, amma abin da za a fara tambayarka takarda ce. Ka sa shaidu biyu, a rubuta ranar shiga da ranar da kuɗi za su ƙare, uwargida ta adana. Wanda kuma aka riga aka fitar, kada ya tsaya kunya: ya fara da shugaban mutanen garinsu, in abin ya fi ƙarfinsa akwai liman da sarkin zango.

Abin da har yau ba mu shawo kansa ba shi ne samarin da ke sauka kowane mako, ba mata, ba mai tsaya musu, ba su isa rance ba. Na kawo shawarar mu kama ɗaki biyu kusa da kasuwa, mu shimfiɗa tabarmi, mutum ya yi kwana arba'in kafin ya san gari. Abokan cinikina sun ce wa zai ɗauki nauyi in aka yi sata ko 'yan sanda suka zo? Tambayar tana kan hanya. Mun bar maganar sai bayan babbar salla, in motocin Galmi sun ragu.